In Za A Zura Maka Tiyo Don Cire Tsakuwar Maɗaciya

Yau maganarmu a kan wani aiki ne na manyan asibitoci, wanda likitoci ke kira ERCP.

Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya ga maɗaciya manne da hanta. Mu ma haka tamu ta ke. Ruwanta ya kan bi wata siririyar hanya ya zuba cikin hanji. Wani lokaci tsakuwa ta kan toshe hanyan nan, sai ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja, a ce shawara ce. Dā sai an tsaga ciki. A 1968 aka fara leƙa hanyar da tiyo mai fitila a Amurka, a 1974 kuma likitocin Jamus da Japan suka nuna yadda za a faɗaɗa bakinta tsakuwa ta fita. Ta baki a ke zura tiyon, bayan an yi maka allurar barci.

Aikin yana ceton rai, amma yana da haɗari huɗu.

Na ɗaya, a bayan tumbi akwai wata tsoka da a ke kira fankiriyas, mai ba da ruwan narka abinci. Bakin hanyarta ɗaya ne da na maɗaciya, saboda haka ta kan kumbura bayan aikin. Cikin mutum 100, kamar 5 su kan gamu da wannan. Na biyu, zubar jini daga inda aka yanka, ga mutum 1 ko 2 cikin 100. Na uku, ƙwayoyin cuta su shiga hanyar. Na huɗu, hanji ya huje, amma wannan bai kai 1 cikin 100 ba.

To, ga naka aikin. Kada ka ci kome awa 6 kafin a fara. In kana shan maganin tsinka jini, gaya wa likita. Mace mai ciki ta faɗa, don a kan ɗauki hoton ciki. Ka zo da ɗan rakiya, kuma kada ka yi gaggawar komawa ƙauye ran nan; kwana kusa da asibiti.

Ɗan kaushin maƙogwaro da kumburin ciki ba kome ba ne. Amma in ciwon ciki ya tsananta har yana sukan baya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi da rawar ɗari, ko bayan gida ya fito baƙi kamar kwalta, koma asibitin nan da nan, ko da tsakar dare. Jinin ya kan ɓullo har bayan mako guda. Kada ka tsaya shan jiƙo, kada ka jira ranar kasuwa don samun mota. Mu a ɗakin shan magani ba mu da kayan gyara wannan, iyakarmu mu ba ka takarda ka wuce.

Wanda ya koma da wuri, galibi ya kan warke cikin 'yan kwanaki. Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.