Yukiren da Kambun Eurovision na 2022

A watan Mayun 2022 ne ƙungiyar mawaƙa ta Kalush Orchestra ta ciyo wa Yukiren kambun gasar Eurovision a birnin Turin na Italiya da maki 631. Sai dai tun farko ba ita aka zaɓa ba. Alina Pash ce ta lashe zaɓen cikin gida, amma ce-ce-ku-ce kan tafiyar da ta yi zuwa yankin Kirimiya a 2015 ya sa ta janye, aka tura Kalush Orchestra da ta zo ta biyu.

Alƙalan gasar sun fifita Birtaniya, suka ba Yukiren maki 192 kacal. 'Yan kallo ne suka juya akalar da maki 439, watanni kaɗan bayan sojojin Rasha sun shiga Yukiren. Wasu suka ce tausayi ne ya yi aiki. Ko ma haka ne, waƙar ƙungiyar, "Stefania", da aka yi wa uwa da harshen Yukiren da busar sarewar gargajiya, ta shiga zukata. Ƙasar da ke son duniya ta saurare ta, to ta rera da harshenta.