Tafasa a Ɗakin Bincike: Darasi Daga Khartoum da Omdurman

Shugaban taro, malamaina, da ƙannena ɗalibai, musamman ku da yaƙin Afrilun 2023 ya dawo da ku gida daga Sudan karatu bai kammala ba, sannunku da haƙuri.

Da tafasa zan fara, wadda muke tsallakewa a bakin hanya kowace damina. A yammacin Sudan mata kan tsinko ganyenta, su daka ɗanye, su danna a tulu, su binne tulun a ƙasa wajen mako biyu. In ya ruɓa sai su dunƙule, su shanya. Sunansa kawal. Warinsa kan maƙale a hannu, amma da shi talaka ke miya ranar da nama ya gagara, domin yana da sinadarin gina jiki mai yawa. Suna kuma ruɓar da 'ya'yan yakuwa su yi furundu, wato ɗan'uwan daddawar batso.

Farfesa Hamid Dirar na Jami'ar Khartoum bai raina waɗannan ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tattara su cikin littafi guda a 1993. A Omdurman kuwa, Jami'ar Ahfad ta mata, wadda ta samo tushe daga makarantar 'yan matan da Babikir Badri ya buɗe a Rufa'a a 1907, ta daɗe tana horar da mata kan ilimin abinci mai gina jiki har matakin digiri na biyu.

Yau an ce a dubi majiyyaci gaba ɗayansa: cimarsa, barcinsa, hanjinsa, aljihunsa. Na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗalibi ya gama digiri na biyu ya haddace sunayen ƙwayoyin ƙarin sinadarai na Amurka, amma ya kasa bayyana abin da ke faruwa cikin ƙullin dawa idan ya kwana. Alhali a nan maganar take. Dawa na ɗauke da wani sinadari mai riƙe ƙarfen da jini ke buƙata, ya hana jiki amfana da shi. Tsamin ƙulli ke rage masa ƙarfi. Mai yin kisra, wato gurasar ƙullin dawa, a Omdurman da mai dama koko a Kano duk sun riga mu aikin. Namu shi ne awo. Awa nawa ya kamata ƙullin ya yi? Wace irin dawa? Yaya sukarin mai ciwon suga yake bayan ya ci?

Da yaƙin ya tsayar da kasuwanni a Khartoum, tukwanen takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka na unguwa, su ne suka riƙe rayuka. Su ma masu dafawar suna buƙatar masanin da zai auna musu abin da ke isar yaro mai tamowa.

Don haka, ƙannena, wanda bai zaɓi batun kundinsa ba tukuna, ya je gida ya zauna kusa da Iya da biro a hannu. Ku kuma malamai, don Allah ku amince da irin wannan batu idan an kawo muku.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya.