Kula da Daɓen Katako a Tsofaffin Gine-gine

Maganar da zan yi yau a kan katako take, musamman daɓen katako na tsofaffin gidaje.

Kun sani mu a ƙasar nan daɓen ƙasa muka gada, da rufin azara ta giginya. Katakon zarto bai yawaita ba sai da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta iso Ƙaura Namoda cikin 1929. Jirgi ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga zuwa Kudu, yana komowa da kwano da siminti da katako. Tun daga sa'an nan katako ya shiga gine-ginenmu, har Shinkafi da Zurmi, wani a ƙyaure, wani a taga, wani a daɓen bene. Abin da ya saura na waɗannan gine-gine amana ce a hannunku.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, katako ko ya shekara tamanin bai daina shan laimar iska ba. Da damina, musamman cikin Agusta, sai ya sha ya kumbura. In hunturu ya kama, iska ta bushe, sai ya tsuke. A faɗi yake wannan motsi, tsawonsa kuwa kusan ba ya sākewa. Katako mai faɗin inci 6 yana iya raguwa da ɗaya bisa takwas na inci tsakanin Agusta da Maris. In an jera guda 20 a ɗaki, jimlar motsinsu ta kai inci biyu da rabi ke nan. Saboda haka tsagar da ke buɗewa da rani, ta rufe da damina, ba ɓarna ba ce. Wurin numfashin katako ne, a bar masa abinsa.

Na taɓa ganin wani tsohon gini inda mai tsaronsa, da kyakkyawar niyya, ya cike tsagogin duka da siminti cikin Janairu. Da ruwa ya sauka katakai suka nemi wurin kumbura suka rasa, suka bankare, ƙusoshi suka tsittsige. Gyaran da ba a bukata ya jawo sāke rabin daɓen.

Ga abin da nake roƙo a yi. Malam ya auna tsagogin sau biyu, cikin Maris da cikin Agusta, ya rubuta a littafi. Wadda ta rufe da kanta a ƙyale ta. Wadda ta zauna a buɗe har cikin Agusta, ita ce ta kafinta. Ya fiƙe siririn katako, ya manne shi da gam a gefe ɗaya kaɗai, ko kuwa ya cusa igiyar rama, domin ita tana matsuwa in katako ya kumbura. A yi wannan aiki da ɗaukewar ruwa, kafin hunturu ya shigo. Katakon da ke ƙara in an taka shi, yawanci ƙusa ce ta saki, a buga wata kusa da ita. Sabon katako kuwa a jera shi a inuwa cikin ɗakin, ya yi makonni ya saba da iskar wurin, kāna a kafa shi.

Amma akwai motsin da ba na lafiya ba. In daɓe yana lotsawa ƙarƙashin ƙafa, ko an ƙwanƙwasa an ji shi holoƙo, ko an ga hanyar ƙasa ta bi bango ta hau, to gara ta shiga. Gara daga ciki take ci, ta bar baya sumul. Nan take a kwashe buhuna da akwatuna daga bisa, a hana mutane hawa. A ɗaga katako ɗaya a duba manyan katakan da ke ɗauke da daɓen, a soka musu tsinin wuƙa. Wanda wuƙa ta shige a sāke shi, a shafa wa sauran maganin gara. Rai ya fi katako tsada.

Tushen gara da ruɓewa duka laima ce. A gyara indararo da yoyon kwano kafin ruwan fari. Kada a toshe ƙofofin iska na ƙarƙashin daɓe, kada kuma a kwarara masa ruwa wajen wanki. Shara da ɗan tsumma mai danshi sun isa.

Ranku ya daɗe, awon nan biyu ba ya cin ko kwabo, sai alƙalami da takarda, amma yana iya tsare dukiyar jama'a mai yawa. Ina fata kowane Hakimi zai umurci Malaminsa ya soma daga Maris mai zuwa. Allah ya taimake mu bisa riƙon amana, amin.