Uwar Kwamfuta da 'Yar Ma'ajiyarta

Tun daga shekarar 2015, sa'ad da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya kan kwamfuta, makomar ɗan manomi a Funtuwa ko Malumfashi ta rataya a kan na'ura guda, watau uwar kwamfuta, wadda ke rarraba tambayoyi ga sauran. In ta ƙi tashi, zauren jarrabawa duka ya tsaya.

Sau da yawa laifin ba na faifan ajiya ba ne. A jikin babban allon na'urar akwai wata 'yar ma'ajiya mai riƙe da kwanan wata da umurnin faifan da za a fara karantawa. Wani batiri mai siffar kwabo, CR2032, shi ke raya ta. In ya mutu, ko wuta ta ɗauke ana cikin sabunta manhajar allon, sai umurnin ya rikice. Hatsi na nan cikin rumbu, ƙofar ce ta ɓace.

Saboda haka lalle ne ma'aikaci ya fara duba kwanan wata. In ya koma shekarun baya, a kashe wuta, a sauya batirin, a wanke ma'ajiyar, sa'an nan a mayar da umurnin yadda yake tun farko. Kada a yi garajen goge faifai, gama wannan ita ce asarar da ba ta da magani. Ofishin da ya rubuta saitin na'urarsa a littafi tun tana lafiya, shi ne manomin da ya ajiye iri kafin damina.