Tsoron Duhu da Maganinsa



Mu mutanen Maiduguri mun san duhu. A watan Janairu 2021 aka fasa turakun lantarki a hanyar Damaturu, gari ya yi watanni babu wuta. Ran 26 ga Fabrairu 2023, da tsakar dare, gobara ta cinye Kasuwar Litinin. A watan Satumba 2024, da dare kuma, ruwan Alau ya mamaye gari har da kasuwar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa da yawanmu, in rana ta faɗi, sai gaba ya soma faɗuwa.

Tsoron nan yana hana barci, mutum ya tashi a gajiye, ga saurin fushi. Yaro yakan ƙi fita bayan gida da dare, ya yi fitsarin kwance, a kuma doke shi. Wani ma tsoro yakan kai shi wurin boka neman laya.

Almajiran Yesu ma sun firgita cikin dare a kan teku, suna tsammani fatalwa suka gani, ashe Ubangijinsu ne ke zuwa (Markus 6:47-51). Bai yashe su ba, ya yi musu magana, ya shiga jirgin. Zabura 139:12 tana koya mana cewa duhu ba ya ɓoye wa Allah kome. Idonmu ne ke kasawa, ba nasa ba.

To, me za mu yi? Mu daina tsorata yara da dodo. Mu zauna mu ji abin da yaro ke tsoro, ba tare da dariya ba. Mu bar masa ƙaramar fitilar caji, muna rage hasken kaɗan-kaɗan har ya saba. Kada a bar kyandir a kunne, domin gobara. Mu yi addu'ar iyali kafin barci. In kuwa mugun mafarki da firgita sun daɗe, ko ga babba ne, mu faɗa wa fasto, mu kuma ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a nan Maiduguri. Zuwa can ba rashin bangaskiya ba ne.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka tsare gidajenmu a daren nan, ka ba 'ya'yanmu barci mai daɗi, cikin sunan Yesu. Amin.