A Ba Ɗalibanmu Izinin Ɓuya Har Su Gama Jarrabawa

(Jawabin da aka gabatar a taron iyaye da matasa na ƙungiyarmu a Sabo, Ibadan)

  

An ce in yi magana a kan yaranmu masu shirin rubuta jarrabawa. Ni dai kun sani ba ɗan boko ba ne, allo da Islamiyya na yi, daga nan sai kasuwa. To amma abin da ke tafe da ni ba sai da digiri ba. Roƙo ne guda ɗaya: duk yaron da ya ce zai janye jikinsa daga cikinmu na 'yan watanni don ya yi karatu, mu ba shi izini, mu kuma taya shi tsare wannan janyewa.

Mu mutanen Sabo da zama tare aka san mu. Tun da aka yanka wa kakanninmu wannan unguwa a 1916, cinikin goro da na shanu da aka gina ta a kai duk amana ne da bashi, tsakanin mai gida da dillali da baƙo. Wanda ba a ganinsa a masallaci, ba a ganinsa a majalisa, wa zai ba shi bashi? Wannan al'ada ita ta riƙe mu a ƙasar da ba tamu ta asali ba, kuma ba na kushe ta. Sai dai ita ce take sa idan yaro ya kwana uku bai fito ba, a fara tsegumi. Wai girman kai, wai boko ta hau masa kai, wai ya fi ƙarfin zama da mu.

Ga shi kuma yanzu majalisar ta zama biyu. Akwai ta kan benci wadda muka sani, tana tashi bayan isha'i kowa ya nufi gida. Akwai kuma ta cikin aljihu, wadda ba ta tashi sam. Zauren 'yan aji, zauren 'yan ƙwallo, zauren 'yan unguwa, zauren dangi, duk a cikin waya guda. Yaro ya buɗe littafi, waya ta yi ƙara, ya ce bari in leƙa minti ɗaya, kafin ya ɗago kai an yi kiran assalatu. In kuwa ya yi ta maza ya fita daga zauren, nan take sai kira: lafiya, wa ya ɓata maka rai? Kun ga ke nan shiga da sauƙi, fita kuwa sai da shari'a.

Bari mu duba abin da ke gaban yaran nan. Ɗan ajin ƙarshe na sakandare jarrabawa uku ke jiransa a jere. Ta JAMB takan zo wajen watan Afrilu, ta WAEC ta biyo baya a Mayu da Yuni, ita kuma NECO ta ɗauka daga Yuni zuwa Yuli. Ana bukatar kiredit biyar, dole da Turanci a ciki. Ita JAMB darussa huɗu ne, maki 400, tambayoyi 180 cikin awa biyu, kuma tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Ku raba awa biyu gida 180 ku gani, ko wace tambaya daƙiƙa arba'in take da ita. Yaron da hankalinsa ya saba tsalle daga wannan saƙo zuwa wancan, ina zai samu natsuwar da zai yi wannan? A sakamakon farko da aka fitar a 2025, cikin yara kusan miliyan biyu, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba. Gaskiya ne daga baya hukumar ta amsa cewa an samu tangarɗar na'ura a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake wa wasu, amma duk da haka lissafin abin tsoro ne. Jami'ar Ibadan da ke nan kusa da mu tun 1948, wanda bai kai 200 ba ko ƙofarta ba ya tunkara. Kuma makin shekara ɗaya yake aiki, in an rasa sai a sake sayen fom baɗi.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman, mu mazauna. A tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, kashi 35 na 'yan yankin da jami'ar take, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani. Yaronmu an haife shi a Sabo, ubansa ma a nan aka haife shi, Yarabanci a bakinsa kamar ruwa, amma ranar neman takardar shaidar asali sai a ce ya tafi garinsu. Ya je garin kakansa kuma a ce ba a san shi ba. Kowa a zauren nan ya san gidan da wannan ta faru. To ƙofar da ba a tambayar ɗan wane ne kai, ita ce ta maki. Shi ya sa nake cewa ɗan Sabo ya fi kowa bukatar ya ɓuya ya yi karatu.

Kuma kada wani ya ce ɓuyar nan baƙon abu ne. Allah gafarta malamai ga su nan zaune, su suka fi ni sani. Gardi in yana son ya kyautata tilawa, kiskadi yake tafiya, ya kafa bukka a bayan gari nesa da hayaniya, babu mai cewa ya yanke zumunci. Mai i'itikafi a goman ƙarshe na azumi ya bar shago ya bar iyali, addu'a muke roƙonsa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro watanni suke yi ba a ji ɗuriyarsu ba. Abin da ya haɗa su duka, sallama suke yi kafin su tafi, an san inda suke, an san lokacin komowarsu.

Don haka ku samari da 'yan mata, kada ku sulale kamar ɓarayi. Ku yi sallama. Ka gaya wa abokanka a majalisa da cikin waya: zan ɓace daga yau zuwa ranar da zan rubuta takardar ƙarshe, ba fushi na yi ba, ku sa ni a addu'a. Wanda ya ji haushin wannan, da ma can ba abokin arziki ba ne. Kallon ƙwallo kuwa, na san a daidai lokacin WAEC ake kammala gasar Ingila da ta zakarun Turai. Ku yi haƙuri, za a sake bugawa baɗi, kuma ko wa ya ci kofin ba ya rage muku ko sisi a kuɗin makaranta. Sannan ku yi nesa da zaurukan nan masu cewa a turo kuɗi za su aiko da amsa daren jarrabawa. Ko dai damfara ce, ko kuma a kama yaro a riƙe sakamakonsa, ga zunubi ga asara.

Ku iyaye maza 'yan'uwana 'yan kasuwa, namu laifin ya fi na waya girma. Ba zai yiwu ka ce yaro ya yi karatu, sannan da asuba ka tura shi Bodija sauke kaya, da la'asar ya tsare maka shago, da dare ya bi bashi ba. Ka ɗauki yaron shago na wata uku, ka lissafa shi cikin kuɗin makaranta. In za ka karɓe wayarsa ka ajiye, madalla, amma kada ka yar da layin ko ka ba wani, domin da wannan lambar da ta NIN ya yi rajistar JAMB, da ita kuma zai duba sakamako. Iyayenmu mata, 'yar da za ta rubuta jarrabawa a ɗauke mata talla da rainon ƙanne da rakiyar amarya. Sau da yawa ita ce mai ƙoƙarin gidan, ita ce kuma ba a ɗaga wa ƙafa.

Izinin nan bai shafi salla ba fa, kada wani ya fake da jawabina. Jam'i yana nan, gaida iyaye yana nan, gaisuwar mutuwa ta makusanci tana nan. Malamanmu na Islamiyya su ma muna roƙo su sassauta hadda a waɗannan watanni, kada yaro ya ga sai dai ya bar makarantar gaba ɗaya.

Ga shugabanni kuma ina kawo shawara, a yafe wa ɗalibai zuwa taro da aikin gayya da tarar rashin halarta har ƙarshen Yuli. A buɗe musu ofishin ƙungiya daga bayan isha'i, a tayar da janareta, masu hali mu haɗa kuɗin mai. In akwai mai tsohuwar kwamfuta ya kawo aro, don kada yaro ya fara taɓa ta ranar jarrabawa. Duk mai ɗa ko 'ya a ajin ƙarshe ya ba sakatare suna kafin a watse.

Allah ya ba yaranmu sa'a.