Jawabi Kan Ciwon Kan Mai Jego

Shugaba, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan uwa mazauna Shamaki.

Mu dai 'yan kasuwa ne, ba likitoci ba. Abin da ya sa muka miƙe yau shi ne rashin da muka yi a unguwar nan kwana biyu bayan suna. Yarinya ta sauka lafiya, sai ta yi kwana uku tana cewa kanta kamar zai tsage. Muka ce gajiyar suna ce. Aka sayo Panadol a kemis, aka yi hayaƙi. Sai da ta fara jijjiga muka tashi neman mota. Allah ya jiƙanta. Kwana ne ya ƙare, gaskiya ne, amma akwai sakacinmu.

To, ga abin da muka tambayo. Farkon abin da za a duba shi ne hawan jini, kuma ba a gane shi da ido, sai da awo. In ya kai 140 bisa 90, a gwada fitsari. In ya kai 160 bisa 110, ba zancen bari sai gobe. Yana iya tasowa har mako 6 bayan haihuwa, kwana 42 ke nan, wato ko an yi arba'in ba a gama fita ba, ko da can ba ta da shi. In tana gani dishi-dishi, ko fuska ta kumbura, ko ciwo ya tokare ta a ƙahon zuci, jijjiga na kusa. Akwai allurar da ke tare ta.

Wadda aka yi wa allurar kashin baya wajen tiyata, nata daban ne: in ta zauna ya taso, in ta kwanta ya lafa. A faɗa wa likita haka. Zazzaɓi da sandarewar wuya kuwa, a ji tsoron sanƙarau. In magana ta karye ko hannu ya saki, wataƙila jini ne ya daskare a jijiyar ƙwaƙwalwa, sai hoton kai. A wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe.

Iyayenmu mata, ku yi haƙuri, sai mun taɓo kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan shansa da kwanciya kan gadon wuta da ciwon zuciyar masu jego. Kanwa 'yar uwar gishiri ce, mai hawan jini ba ta shan ta.

Addu'a kam a yi, har cikin mota. Muna roƙon ƙungiya ta sayi na'urar awon jini, a ajiye ta wurin shugabar mata. Mu 'yan kasuwa mun ɗauki rabin kuɗin.